Daga Kan Tabarma: Mu Taka Damagaram da Ƙafa



Mu tambayi kanmu: sau nawa muka je Damagaram, kuma me muka gani? Yawancinmu asibiti ke kai mu, ko gaisuwar mutuwa, ko sarin kaya. A sauka tasha, a hau kabu-kabu, a gama abin da ya kawo mu, a juyo Kurni kafin magariba. Masu zuwa Kwatano da Lome suna ba mu labarin bakin teku muna ta sauraro, alhali birnin namu ba mu san lungunansa ba. Mu ba mu da teku, amma muna da duwatsu, kuma hawansu kyauta ne.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta ware rana guda a shekara, bayan rabon asusu, a je a zaga garin da ƙafa. A zaɓi Alhamis, ranar babbar kasuwa, cikin watannin sanyi. A yi sammako, a bi ta Matamaye da Kance da Takeita.

A fara da Birni tun rana ba ta yi zafi ba. Can ne manyan duwatsu suke jibge tsakanin gidaje, wasu katangar gida ma jikinsu ta jingina. A nemi yaron unguwa ya nuna wanda ke da sauƙin hawa, a ɗaure zane da kyau, a riƙe hannun iyayenmu tsofaffi. Daga sama za ku hango fadar Sarki, da hasumiyar masallaci, da soraye, da amalanken ruwa ɗauke da jarkoki suna ratsa lunguna. Matsalar ruwan nan tsohuwa ce: tana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Tsohon ginin da Turawa suka kafa kan tudu bayan sun ci garin a 1899 kuwa, wurin soja ne. A kalle shi daga nesa, kada wata ta ɗaga waya da sunan hoto.

In an sauko, a biya ta ƙofar fada da ragowar ganuwa, aikin zamanin Sarki Tanimun. A tsaya wajen dukawa a ga yadda fata ke zama jaka da takalmi. Sannan a miƙe zuwa Kasuwar Dole, a ƙarasa Zango, tsohon masaukin fatake, inda har yanzu akwai gidaje masu zane a fuska.

Mun san wasu za su ce: "Kuɗin da muka tara da guminmu, a kashe shi a yawon buɗe ido?" Tambaya ce mai kyau, kuma ga amsarmu. Wadda ke kan babur ba ta tambayar farashi. Wadda ke tafe da ƙafa ita ke tsayawa ta ce, "Baba, nawa litar man gyaɗa?" Ita za ta ji nawa ake sayar da ƙuli-ƙuli da tabarma da zogale, ta kwatanta da abin da ɗan sari ke ba mu a ƙofar gida. Ita za ta karɓi lambar mai shago. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe shi ke nan: mace ta san lissafinta da kanta.

Kada a taɓa uwar kuɗi, kada a taɓa akwatin taimako. A buɗe gwangwani daban. In mata 25 suka zuba dala ashirin-ashirin kowane mako, cikin mako 20 an tara jika 50. A tambayi kuɗin mota a tasha tun da wuri, a ga ko ya isa ko sai an ƙara makonni. A ɗauki fura da ruwa daga gida. A sanar da masu gida da wuri, kada maganar ta zo musu ranar tafiya. A raba aiki: biyu su rubuta farashi, ɗaya ta riƙe kuɗi, ɗaya ta riƙa ƙirga mu a kowane zango.

Shugabanni, ku sa maganar nan cikin zaman mako mai zuwa. Ƙungiyar da ta fara zuwa ta aiko mana da farashin da ta rubuto, mu buga a nan kowa ya amfana.

Allah ya sa albarka a asusunmu.