"Babu Netwok" Ba Amsa Ba Ce

A bankunan titin Yakubu Gowon da rumfunan masu POS na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kalmomi biyu sun isa sallamar mutum komai girman buƙatarsa: babu netwok. Mun saba karɓar wannan amsa kamar yadda muke karɓar hazon hunturu, sai ka ce ba hannun kowa a ciki. Alhali sau da yawa layin sadarwa lafiyarsa lau. Wadda ta gaji ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai, kuma gajiyarta aba ce da ake aunawa.

Duk lokacin da aka duba asusu ko aka tura kuɗi, tambaya ce ake aika wa rumbun, ƙwaƙwalwar kwamfutar da ake kira CPU kuma ita ke aikin amsawa. Ana lissafin nauyin da ke kanta cikin kashi ɗari. Idan ya daɗe a kashi 90 ko sama da haka, tambayoyi sai su yi jerin gwano, wasu wa'adinsu ya ƙare kafin a kai kansu. A nan ne akan ciri kuɗin mai sayen atamfa, ɗan kasuwa kuma bai ga komai ba, su tsaya suna kallon juna da zargi.

Abin haushin shi ne irin wannan gajiya ba kasafai take zuwa ba sallama ba. Tana hawa sannu a hankali, tana tashi ƙarshen wata lokacin albashi, da jajibirin Sallah, da ranar rufe rajista. Manhajojin sa ido irin su Zabbix da Prometheus da Grafana kyauta ake samunsu, suna zana nauyin minti bayan minti, suna tashin injiniya daga barci idan an haura iyaka. Hukumar da ba ta da su ba talauci ya hana ta ba.

Masu kare bankuna za su kawo 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Gaskiya ne nauyin ya yi yawa. Amma tun Oktoban 2022 aka sanar da shirin, aka sa wa'adin 31 ga Janairu. Wanda ke karanta ma'auninsa yana da wata uku na shiri.

Sayen sabuwar na'ura ma ba kullum ne magani ba, ko da yake shi ne wanda masu ba da kwangila suka fi ƙauna. Tambaya guda da aka rubuta ba tare da fihirisa ba tana iya tilasta wa rumbun karanta miliyoyin layuka don neman suna ɗaya. Wani lokaci kuma CPU na zaune babu aiki, jiran faifan ajiya take yi. Ma'auni kaɗai ke bambanta waɗannan cututtuka.

Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na yaye matasan da za su iya wannan aiki. Duk banki ko hukumar da ke karɓar kuɗin jama'a ta intanet ya kamata a wajabta mata ɗaukarsu, ta kuma riƙa wallafa yawan awannin da na'urorinta suka tsaya kowane wata, tare da dalili.