Mai gida, bar yaronka ya tafi karatu

A Gabi da ƙauyukanta, ba mai shago ke wuni a shago ba. Yaronsa ne. Shi ke awon hatsi, shi ke kula da injin niƙa, shi ke miƙa wa manomi taki da maganin ƙwari. Ana ce masa yaro, amma sau da yawa magidanci ne mai iyali. Ra'ayina shi ne: duk mai gida ya sallami yaronsa awa biyu, kwana uku a mako, ya tafi makarantar yaƙi da jahilci. Kuma a koya masa da kayan sana'arsa.

Mu fara da kuɗi. Da baki muna ƙirga da dala, amma takarda da tamma take magana. In an rubuta 100 F, dala ashirin ke nan. In an rubuta 500 F, dala ɗari ce. Wanda ya iya karanta lamba amma bai san a raba ta gida biyar ba, zai ga 100 ya ce dala ɗari. Ko ya cuci mai saye, ko ya karya mai gida. Ga kuma naira da ke shigo mana daga Jibiya, canjinta kullum sabo. Kai kaɗai ba ya riƙe wannan duka. Bashin da ba a rubuta ba, shi ke raba zumunci.

Sai taki. Buhun 15-15-15 dabam, buhun ure dabam, aikinsu ba ɗaya ba ne. Malaman gona sun ce giram 6 na 15-15-15 ya isa rami guda na hatsi. Hekta mai rami 10.000 tana cin kilo 60. Ashe buhu guda mai kilo 50 bai isa ba. Yaron da ya iya wannan lissafi zai faɗa wa manomi gaskiya tun kafin shuka.

Mafi nauyi shi ne rai. A jikin kwalbar maganin feshi an rubuta adadin da ake zubawa cikin ruwa, da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin gona. A jikin kwalin magani an rubuta ranar da ƙarfinsa ke ƙarewa. Ƙunshin gishirin zawo, cikin litar ruwa guda ake dama shi. Mai sayarwa in bai karanta ba, wa zai gargaɗi mai saye?

Wasu masu gida suna cewa: «Wa zai tsare mini shago?» Amsa ita ce a zaɓi lokacin da ciniki ya yi sanyi, a kauce wa ranar kasuwa da tsakiyar damina. Wasu suna cewa: «In ya waye zai bar ni.» Ko bai waye ba, wata rana zai kama nasa. Kafin nan, wanne ya fi maka: mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ko mai ce maka ya manta?

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarun 1960, zamanin kasuwannin gujiya na UNCC, manoma sun koyi karanta sikeli da riƙe littafi don kada a ƙware su wajen awo. Buƙata ce ta kai su aji.

Mu ma malamai da sauran aiki a gabanmu. Kowane ɗalibi ya zo da buhun taki wanda ya ƙare, da kwalin magani, da littafin bashi. A kansu za a yi darasi. Abin da ya koya da yamma, ya yi aiki da shi da safe.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa masu gida wannan shafi. Ilimin yaro, ribar mai gida ce.