Kuɗɗin Arewa na kwance a hilayen Yamai, dankalinmu na ruɓewa a Dutsi



Makon jiya, cikin shirinmu na dare, wata baiwar Allah ta kira mu daga wajen Kore Mairuwa. Shekara tara tana matsar man gujiya tana suyar ƙuli-ƙuli, mata shida na aiki ƙarƙashinta, kuma kayanta ba su kwana. Abin da take so shi ne babban injin matsa. Ta tahi wani banki, anka ce ta kawo takardar hili ko ta gida ta jingina. Ta tahi wani asusun bashi, anka ce za a ba ta, amma biya zai soma wata mai kamawa, da ruwa bisa. Ta ce mana: “Ɗana, injin da bai ma iso ba, da mi zan biya?” Tana aje talho sai wani ya kira ya ce ta yi haƙuri, wata rana proje zai zo.

Wagga amsa ita ta sa munka ɗauki alƙalami. Mun gaji da jin ta. Tun muna lakkol ake ce mana proje zai zo. Wasu sun zo, sun yi shekara ukku, sun kahe allo bakin hanya, sun wuce. Kuma kowa ya ga abin da ya faru bayan watan Yuli na 2023, sa'ad da masu ba da tallafi da dama sunka rufe famfo dare ɗaya. Wanda ya ɗora sana'arsa bisa tallafi, ya ɗora ta bisa igiyar da wani ke riƙe da ita.

Akwai hanya ta ukku bayan bashi da kyauta, wadda Faransawa ke kira capital-investissement, mu kuma za mu ce mata jarin tarayya. Mai kuɗɗi ko asusun masu kuɗɗi ya zo ya zuba jari cikin sana'arki, ya zama mai rabo. A misali ya sa sefa milyan 10 ya ɗauki kashi 30 cikin ɗari. Ba ya bin ki ko dala a ƙarshen wata. In an ci riba a raba, in an faɗi ya faɗi tare da ke. Bayan shekara biyar zuwa bakwai ya saida rabonsa, ko gare ki ko ga wani, ya fita. Tunda kuɗɗinsa na ciki, dole ya damu da lissafi, da kasuwa, da ingancin kaya. Asusun bashi kuwa, doka ta yarje masa ya kai ruwa har kashi 24 cikin ɗari a shekara, kuma ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ranar biya ranar biya ce.

Kar wani ya ce mana wanga dabarar Nasara ce. Wace gari ce a Dallol Mawri ba a san a ba mace akuya ta kiwata a raba ɗiya ba? Wane Ba'are ne bai san mai kuɗɗi ya sai rago, wani ya turke shi, a raba riba bayan Layya ba? Malamanmu sun san ta cikin littattafan fiƙihu da sunan mudaraba da musharaka. Da irin haka Alhassan Ɗantata na Kano ya riƙa ba yaransa jari suna saye masa goro da gujiya. Abin namu ne. Bambancin kawai, wasu sun sa shi cikin takarda sun girmar da shi, mu mun bar shi ga akuya.

Ku duba talhon da ke hannunku. A 1998 wani ɗan Sudan, Mo Ibrahim, ya kafa kamfanin da ya zama Celtel, lokacin da bankuna ke gudun ba da bashi don kafa salula a Afirka. Masu jarin tarayya ne sunka shigo, ciki har da CDC ta Ingila da IFC ta Bankin Duniya. Celtel ta soma aiki a Nijar a 2001. A 2005 anka saida ta ga MTC ta Kuwait a kan dalar Amurka milyar 3 da milyan 400, ta koma Zain. A 2010 Bharti Airtel ta Indiya ta saye harkar Zain ta Afirka a kan milyar 10 da milyan 700. Yau tsohuwa a Dankasari tana magana da ɗanta da ke Abijan ba tare da ta aika wasiƙa a mota ba. Wannan amfanin jarin ne. Amma ga tambayar da ta kamata ta ƙona mu: cikin waɗannan milyoyin, nawa sunka shigo aljihun Arewa? Mu mun sai kati, masu rabo sun kwashi riba. Duniya haka take, wanda ya sa jari shi ke da kaso.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Masu irin wanga jari ba waliyyai ba ne. Akwai waɗanda ke sayen kamfani su ɗora masa bashi, su kori ma'aikata, su saida su gudu. Asusun Abraaj na Dubai, wanda ya zuba kuɗɗi a ƙasashen Afirka da yawa, ya rushe a 2018 bayan an zarge shi da taɓa kuɗɗin da anka ba shi amana don gina asibitoci. To amma don an taɓa cin amana a kasuwa ba a daina zuwa kasuwa ba. Maganin mugun abokin tarayya shi ne takarda mai kyau, da shaidu, da ido buɗe.

Kuma ba sai mun leƙa Dubai ba. A Yamai akwai Sinergi Niger, asusun da anka kafa a 2006 tare da Investisseurs & Partenaires, aikinsa shi ne shiga da jari cikin ƙananan kamfanonin ƙasa, har da na sarrafa hatsi. Irinsa na nan a Burkina, da Senegal inda ake kiransa Teranga Capital, da Kodebuwa inda ake kiransa Comoé Capital. Kenan ƙofar na nan. Mu ne ba mu shirya ƙwanƙwasa ta ba.

Nan za mu faɗi mai ɗaci, kuma gida biyu za ta taɓa.

Na farko, manyanmu masu hali, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da 'yan Arewa na Kwatano da Lome da Turai. Da girmamawa muke tambaya, iyayenmu da yayyenmu: har yaushe kuɗɗinku za su ci gaba da zama katanga kewaye da hili a bayan garin Yamai? Hili ba ya ɗaukar ma'aikaci. A nan Dutsi, masu lambu na haƙe dankalin turawa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, zafi ya shigo, manomi ya saida da hasara don kar ya ruɓe masa. Bayan 'yan watanni dankalin ya yi tsada, ribar ta tahi ga wanda ke da wurin ajiya. Ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, da motar dakon kaya, ga hanyar RN1 ta ratsa mu tsakanin Dosso da Ƙonni: wanga ba sadaka muke roƙo ba, sana'a ce mai riba. Haka waken Matankari da Dogonkirya, haka gujiyar Gesheme da Tibiri, ana kwasarsu ɗanye a wuce da su, mu kuma mu sai man da anka matsa a wani wuri. Buhun shinkafa da kuke rabawa da azumi, Allah shi saka. Amma rabo cikin injin matsa zai ciyar da gida goma duk shekara, kuma ya maido muku da kuɗɗinku.

Na biyu, mu kanmu masu sana'a. Mun riƙe “guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni” har ya zama mana sarƙa. Ba mu son kowa ya san cinikinmu. Kuɗɗin shago da kuɗɗin cefane da gudummuwar biki duk aljihu guda. Babu rajistar kasuwanci, babu littafin shiga da fita. Wane mai hankali zai sa milyan 10 inda ba a iya nuna masa cinikin watan jiya? Kai da kanka ba ka yi. Matanmu ma sun riga mu: tun 1991 da anka soma Mata Masu Dubara a jihar Maradi, suke tara kuɗɗi cikin akwati gaban shaidu, kowa ta san rabonta. Abin da mata sunka iya da dala-dala, mi zai hana maza su iya da milyoyi?

Ga abin da muke kira gare shi. 'Yan Arewa ashirin ko talatin su haɗa asusu guda, a rubuta shi gaban notaire, a ɗauki mai lissafi da ake biya albashi, ba ɗan wane ba. A zaɓi sana'a biyu ko ukku da sun riga sun tsaya da ƙafafunsu, a shiga da rabon da bai kai rabi ba, don mai sana'a ya zauna shi ne mai gida. A rubuta tun ranar farko yaushe za a fita, kuma mai sana'a ne na farko da za a yi wa tayin sayen rabon. Magadan gari na Dutsi da Tibiri su sauƙaƙa hili da takardu, su tsame siyasa daga ciki. In munka yi haka, ran da babban asusu zai zo daga Yamai ko daga waje, zai iske mu masu rabo, mu zauna teburi guda mu yi ciniki.

Ita dai baiwar Allah ta Kore Mairuwa tana nan tana matsa da hannu, kuma ta ce a shirye take ta buɗe lissafinta ga duk wanda ya zo da gaskiya. Saura mu ji wa zai fara. Za mu koma kan maganar a shirinmu mai zuwa, layi a buɗe yake, har ga waɗanda ransu ya ɓaci. Allah shi ba mu alheri.