Sharhi: Idan aure ya mutu, gidan da aka gina tare na wane ne?

A Tudun Wada da ke Gusau, kamar sauran unguwannin Zamfara, mutuwar aure takan haifar da wata rigimar: wa ke da me? Gado da kujeru da kwanuka ba su cika jawo gardama ba, domin kowa ya san kayan ɗaki na mace ne. Inda ake kai ruwa rana shi ne gida da fili.

Mata da dama sun sayar da sarƙar zinare ko awakinsu, wasu sun kwashi adashi, sun miƙa wa maigida domin a sayi bulo ko kwanon rufi. Takardar filin kuwa sunan miji ke kanta. Ranar da saki ya auku, sai matar ta fita da kayan ɗakinta kawai.

Zamfara ce jiha ta farko da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, kuma kotunanta na bin mazhabar Malikiyya. A wannan mazhaba aure ba ya gauraya dukiyar miji da ta mata. Abin da mace ta zuba a gini nata ne, ko bashi ko hannun jari, sai dai idan kyauta ta bayar. Matsalar ita ce alƙali da hujja yake aiki. Idan miji ya ce kyauta ce, ita kuma ba takarda ba shaidu, ƙararta ta yi rauni.

Akwai kuma haƙƙin zama. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta kafin ta gama idda, amma al'ada ta sa ana haɗa mata kaya a ranar. Riƙon yara a Malikiyya na uwa ne, ciyar da su da mazauninsu kuma na kan uba. A yau da rashin tsaro ya koro iyalai daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu zuwa Gusau, wata idan aka ce ta tafi gidansu, babu gidan da za ta koma.

Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta samar da mafita a dokar iyali ta 2004. Sashe na 49 ya ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya ta daban kan dukiyar da za su tara a zaman aure.

Ba sai an jira sabuwar doka ba kafin a fara haka a Zamfara. Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara. Ya kamata limamai da waliyyai su riƙa faɗar wannan tun a wurin ɗaurin aure, Hukumar Hisbah kuma ta tanadi takarda mai sauƙi da ma'aurata za su cike gaban shaidu biyu. Rubuta abin da mace ta bayar ba rashin yarda ba ne. Miji na gari ba ya asarar komai da shi.