Wasiƙa Daga Jibiya: Ciwon Daji Na Babban Hanji

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina roƙon fili in bayyana wa jama'a wani bincike na likitoci game da ciwon daji na babban hanji.

Masana sun ce cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai rubutun gado, watau DNA. Daga gare shi a ke tura 'yan aike, sunansu RNA, su kai umurnin gina furotin. Amma abin da ke gina furotin bai kai kashi 2 cikin 100 na rubutun nan ba. Akwai waɗansu RNA dogaye, masu haruffa fiye da 200, da ba su gina kome, har aka daɗe ana zaton tarkace ne. Ashe aikinsu irin na 'yan kwastan ne a Magama: ba su ɗaukar kaya, amma su ke cewa wannan ya wuce, wancan ya tsaya.

Ɗaya daga cikinsu, mai suna HOTAIR, an gano shi a Jami'ar Stanford ta Amurka cikin 2007. Cikin 2011 likitocin Japan suka auna tsokar da aka yanke wa masu wannan ciwo, suka tarar waɗanda HOTAIR ya yi wa yawa, ciwon ya fi kai musu ga hanta, kuma ba su daɗe kamar sauran ba. Har yanzu dai wannan awo bai zama aikin kullum a asibiti ba, ko a Turai. Likita ya fi dogara ga inda ciwo ya kai, da awon CEA na jini, wanda aka gano a Kanada tun 1965.

To, nan ne maganar ta shafe mu. Daga Jibiya zuwa Ɗan Isa har Maraɗi, in mutum ya ga jini a bayan gida sai a ce basir ne. Ya yi ta shan jiƙo da sassaƙe wata da watanni yana ramewa. Kafin a kai shi Asibitin Koyarwa na Katsina, ko na Shika a Zariya, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, likita kuwa ba ya bukatar wani HOTAIR kafin ya san halin da a ke ciki. Alhali in aka tare shi yana bangon hanji, yanka kaɗai kan warkar da mafi yawa, da yardar Allah.

Saboda haka ina roƙon limamai da masu unguwa su sanar da jama'a: wanda jini ya ƙi tsaya masa, ko bayan gidansa ya sāke ba dalili, ya nemi a duba masa hanji a asibiti. Haza wasalam.

Naku,
Mai rubuto muku daga Jibiya