Kafin A Sayi Ƙwan Lantarki A Tambayi Inda Haskensa Ya Ke Zuwa

Jama'a, yau da wuya a sami gida ko ofis ko makaranta a birnin Sakkwato inda ba a rataye ƙwan lantarkin nan na zamani da a ke kira LED ba. Daga Kanwuri har Mabera, daga Runjin Sambo har Arkilla, shi ne a zaure, shi ne a masallaci, shi ne a rumfar mai shayi. Ba abin mamaki ba ne, gama ƙwai ne mai tsimin wuta. Hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ya ke bayarwa, shi wannan da wat 9 ya ke ba da shi, har ɗan ƙaramin batirin hasken rana ya kan riƙe shi dare guda. Amma akwai wata tambaya da masu saye ba su yi, mu kuwa muna ganin ta fi kowace muhimmanci ga malamin makaranta da akawun da ke rubuta takardar sayen kaya. Kowa ya kan ce wa mai kanti, "Wat nawa ne?" Ba safai a kan ce masa, "Ina haskensa ya ke zuwa?" ba.

Dalilin da ya sa ba mu saba da wannan tambaya ba a fili ya ke. Duk fitilun da iyayenmu suka sani ba su da gaba, ba su da baya. Almajirai su kan kewaye wutar kara da dare, kowa da allonsa, na gabas da na yamma duk rabonsu ɗaya. Haka aci-balbal, haka fitilar ƙwai. Har ƙwan lantarki na dauri, irin wanda Thomas Edison ya fitar a Amurka a 1879, zare ne ke yin ja wur a tsakiyar gilashi, yana watsa haske sama da ƙasa da kowane gefe. Aibinsa ɗaya, kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ke ci, ko fiye, zafi ta ke zama.

Shi LED ba haka halittarsa ta ke ba. Ɗan ƙanƙanen falle ne shimfiɗaɗɗe, bai kai ƙwayar gero girma ba, wanda ke fid da haske ta fuska ɗaya kaɗai. Wani Ba'amurke, Nick Holonyak, ya yi mai jan haske a 1962. Bayan kamar shekara 30 waɗansu masana uku na Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda za a yi mai shuɗin haske, aikin da ya sa aka ba su lambar girma ta Nobel a 2014. Idan aka shafa wa mai shuɗin nan wani gari rawaya, sai haskensa ya koma fari. To, waɗannan 'yan fallaye a ke jerawa bisa faifai guda, a kife musu farin ƙoƙon roba. Rabin ƙwan da ke bayan faifan kuwa ba haske a cikinsa. Can a ke ɓoye na'urar da ke daidaita wuta, da ƙarfen da ke janye zafi. Watau abin da mu ke kira ƙwai, ga hakika rabin ƙwai ne, ya fi kusa da tocila bisa ga fitila.

Masu ƙera shi su kan auna faɗin haskensa da digiri, kewaye guda cikakke kuwa digiri 360 ne. Falle tsirara ya kan ba da 120, watau 60 dama 60 hagu, kuma a bakin wannan iyaka ƙarfin hasken ya ragu da rabi. Ƙoƙon roba ya kan buɗa shi zuwa 180 ko sama kaɗan. Ku duba fa yadda mu ke kafa mariƙin ƙwai a ɗakunanmu. Galibi a jikin bango ne, ƙwan yana duban ɗaya bangon. Sai hasken ya tafi ya doki idon wanda ke zaune nesa, wanda ke ƙarƙashinsa kuwa ya sami ragowa. In kuma fitilar tebur ce, ƙwan yana tsaye, sai ya haska rufi ya bar takardar da akawu ke rubutu a kai cikin dusu-dusu.

Inda abin ya fi damunmu shi ne ɗakin karatu. A makarantun kwana yara su kan zauna bitar dare, haka azuzuwan yaƙi da jahilci da makarantun Islamiyya na bayan magariba. Idan aka rataye babban ƙwai guda a tsakiyar aji, 'yan tsakiya takarda tana ƙyalli tana kashe musu ido, 'yan gefe suna sunkuyo suna laluben baƙi. Har wa yau kuma akwai wata ka'ida da kowane malamin kimiyya ya sani: in nisanka da fitila ya ninku biyu, rubu'in haskenta ka ke samu. Yaron da ke kusurwa ya haɗu da hasara biyu ke nan, ga nisa, ga shi a gefen da ƙwan ba ya dubawa. Gobe malam ya ce ba ya ƙoƙari, alhali kuwa allon ne bai gani ba.

Maganin abin ya samu tuni. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta sa gasa ga wanda zai ƙera ƙwan da zai maye gurbin mai wat 60, wanda bai kai wat 10 ci ba, kuma haskensa ya bazu ko'ina daidai. Kamfanin Philips ya cinye a 2011. Kafin wannan, a 2008, wani kamfanin Japan mai suna Ushio ya fito da wata dabara. Maimakon faifai, sai aka jera 'yan fallayen bisa siraran sanduna kamar tsinke, aka tsai da su cikin ƙwan gilashi. Wannan shi ne ƙwai mai zare, wanda in ka leƙa cikinsa za ka ga 'yan zarurruka rawaya. Faɗin haskensa ya kan kai digiri 300 ko fiye.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce mai zare ya fi tsada, gilashi ne kuma, yana fashewa a hannun yara. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a zubar da rabin ƙwai ba. Yana da wurinsa: bisa teburin tela, ko bakin ƙofa, ko duk inda a ke son haske ya sauka wuri ɗaya. A doguwar aji ma doguwar fitilar LED mai kama da sanda ta fi su duka biyu dacewa. Abin da mu ke ƙi shi ne sayen ido rufe, a ɗauki fitilar da aka yi domin wuri ɗaya a ce ta haska ɗaki duka. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin jama'a da aka sayi duhu da shi ba a yi tsiminsa ba.

Saboda haka ga shawararmu. Na farko, a karanta kwali. A nemi lamba mai ɗan zobe a kanta, kamar 180° ko 300°, a kuma nemi lambar da haruffan lm ke biye da ita, gama ita ce ma'aunin yawan haske. Wat ma'aunin cin wuta ne kawai. Mai lm 800 shi ne daidai da tsohon mai wat 60. Na biyu, tun da ba kowane kwali ke faɗin gaskiya ba, a gwada, gani ya kori ji. A sayi guda, a kunna cikin ɗaki mai duhu, a riƙe farar takarda kamu biyu daga ƙwan, a kewaya da ita gaba da gefe da baya. Inda takarda ta dushe, nan yaron wani zai zauna. Na uku, ƙanana huɗu ko shida a rarrabe sun fi babba guda a tsakiya. Na huɗu, a shafe bango da rufi da farar ƙasa ko farin fenti, domin farin bango yana komo da haske, mai duhu kuwa shanye shi ya ke yi. Na biyar, kada a kulle ƙwan cikin murfin da iska ba ta shiga. Zafi ne ajalin LED, a Sakkwato kuwa ma'aunin zafi ya kan haura 40 da bazara.

Sauran magana ga hukuma ta ke. Akawunan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e na da, su ne ke rubuta takardar oda. Idan akawu ya rubuta "ƙwan lantarki 200" ya yi shiru, ɗan kwangila zai kawo wanda ya fi masa riba, ba kuwa wanda zai kama shi da laifi. In ya rubuta yawan haske da faɗinsa, ya ɗaure shi. Muna kuma roƙon cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta auna ire-iren ƙwan da a ke sayarwa a Babbar Kasuwar Sakkwato, ta buga sakamakon da Hausa. Kwalejojin horon malamai su ma su sa gwajin farar takarda cikin darasinsu, ya zama duk malamin da aka yaye ya san duba hasken ajinsa kamar yadda ya san duba rajista.

Ido ba shi da na canji a kasuwa. Yaran da aka ba mu amana kuwa hakkinsu ɗaya ne, na tsakiyar aji da na kusurwa. Allah ya sa mu kula, amin.