Ra'ayinmu: Gif Ko Jif?

Gardama ta ƙi ƙarewa tsakanin ɗalibai a Dutsin-Ma game da sunan hoton nan mai motsi, GIF. Masu cewa "jif" suna kafa hujja da Steve Wilhite, wanda ya ƙago shi a kamfanin CompuServe a 1987, ya kuma ce a 2013 "jif" ne daidai. To, mun ji. Amma a Hausar boko gida daban, jida daban. Abin da ya dame mu shi ne dariyar da ake yi wa ɗan Kurfi in ya ce "gihi", yadda yake cewa "tahi", har ya ƙi sake buɗe baki a aji. Muna kira a bari. Da irin bakin nan aka sarrafo asibiti daga Turanci, ba tare da neman iznin Bature ba.